Kafin ka miƙa wa ejan fasfonka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda mutanenmu suke fita ƙasashen waje ba tare da sun san abin da aka rubuta a jikin bizarsu ba.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da yadi nake sayarwa, kuma neman kaya ya kai ni Dubai da ƙasar Sin tun kafin furfura ta fito mini, ban da Saudiyya da Allah ya nufe ni da zuwa ibada. Da yake na ɗan taɓa boko, maƙwabtana na layi da mutanen unguwarmu a Fagge sukan kawo mini fasfo, ko takardar da aka turo musu ta WhatsApp, su ce, "Alhaji, duba mini, ta fito kuwa?" Tambayar ke nan kullum, ta fito ko ba ta fito ba. Da wuya ka ji wanda ya tambayi wace iri ce, kwana nawa aka ba shi, sau nawa zai iya shiga da ita, me aka yarje masa kuma me aka hana shi. Mutumin da ba zai sayi turmin atamfa ba sai ya warware shi ya duba gefe da gefe, shi ne zai zube miliyoyin naira a kan takardar da bai san layi ɗaya a cikinta ba.

Biza izini ce ta ka je bakin ƙofar ƙasa ka nemi shiga. Mai cewa ka shige ko ka koma shi ne jami'in shige da fice da ke zaune a filin jirgin can, kuma dokarsu ta ba shi ikon ya juyo da kai ko da bizarka ba ta da aibi, muddin ya ga abin da ya kawo ka bai dace da abin da ke rubuce ba. Mu a Kano mun shaida haka. A watan Nuwamban 2023 wani jirgi ya taso daga Legas, ya biyo ta filin jirgin Malam Aminu Kano, ya wuce Jidda da fasinja 264. Suna sauka aka ce an soke bizarsu baki ɗaya. Sai da aka kai ruwa rana sannan aka bar 87 suka shiga, aka dawo da 177. Bayanin da ofishin jakadancin Saudiyya ya fitar daga baya ya ce an ba da bayanan da ba daidai ba ne don a sami wani nau'in biza da bai shafi mutanen ba. To, Malam Edita, ni dai na san halin mutanenmu. Yawanci fasfo da kuɗi mutum yake miƙawa, wani daban ne ke zama gaban kwamfuta ya cike fom. Amma a Jidda babu wanda ya nemi mai cike fom. Mai fasfon aka mayar cikin jirgi, da haramarsa da guzurinsa.

Tunda Saudiyya ce ƙasar da Kanawa suka fi zuwa, bari in tsaya a kanta sosai. A bakinmu duk "bizar Saudiyya" ce, alhali a wurin hukumomin can kowace da huruminta. Akwai ta Hajji, wadda ba ta fitowa sai ta ƙarƙashin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ko dai ta hukumar jin daɗin alhazai ta jiha ko ta kamfanonin jirgin yawo masu lasisi. Akwai ta Umara. Akwai ta ziyara, wadda ɗan'uwa mazaunin can ko wani kamfani ke nema wa mutum. Akwai kuma ta aiki, wadda ke tafiya da kafili, wato mai ɗaukar nauyinka a can, da iƙama, wato katin izinin zama. Ba a yin Hajji da ta Umara, ba a yi da ta ziyara, kuma ba a kama aiki da ko ɗaya daga cikin biyun.

Duk da haka, da zarar an shiga Sha'aban za ka ji ana yi wa mutane raɗa, wai su shiga da ta Umara ko ta ziyara su laɓe a Makka har ranar Arfa, ya fi araha. A da can wasu sun yi sun sha, shi ya sa maganar take shiga kunne. Yanzu zamani ya sauya. An ɗauki zanen yatsunka tun a filin jirgi, akwai shingaye a hanyoyin shiga Makka, kuma wanda ba shi da katin Nusuk, wato katin shaidar izinin Hajji, ba shi da tanti a Mina, ba shi da motar da za ta kai shi Arfa, ba shi da inuwar da zai fake. A Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 50, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin Hajji, sun yi ta doguwar tafiya a ƙafa cikin rana tsaka. Allah ya jiƙansu da rahama. A 2025 aka sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama zai yi Hajji ba izini, da wadda ta kai riyal 100,000 ga wanda ya nema masa bizar ko ya ɗauke shi a mota ko ya ba shi masauki, sannan a tiso ƙeyar mutum a hana shi shiga ƙasar har shekara 10. Dattijon da ya ba sittin baya aka ce kada a sake ganinsa sai bayan shekara goma, wa ya san ko idonsa zai ƙara ganin Ka'aba? Ni ban ga arahar da aka samu a nan ba. Malamanmu kuma suna ta faɗa a mumbari cewa Allah bai ɗora Hajji a kan wanda ba shi da iko ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na 'yan mata da zawarawan da ake kwasa da sunan aikatau. Wata bazawara a unguwarmu, mai marayu a gabanta, ta zo da yayanta suka same ni a ƙofar gida bayan la'asar. An ce mata an samo mata aikin gida a Jidda, za a riƙa biyanta da riyal, ta riga ta sayar da gadonta na gona ta ba da kafin alƙalami. Da na duba takardar sai na ga bizar Umara ce tsurarta. Na ce, "Baiwar Allah, wannan ta ibada ce, babu aiki a cikinta. Ina takardar yarjejeniyar aikin? Waye kafilinki?" Ba ta taɓa jin ana tambayar waɗannan ba. Na yi musu bayanin abin da ke jiran mai irin wannan tafiya: ranar da wa'adin bizar ya cika ta zama takari mai zama ba izini, ba ta da iƙama, in uwar ɗakinta ta hana ta albashi ba ta da bakin kai ƙara domin ita kanta mai laifi ce a idon hukuma, in ciwo ya kama ta zuwa asibiti ya zama abin tsoro, in kuma ta so dawowa gida sai ta bi ta tarhil, wato inda ake tsare waɗanda za a tiso ƙeyarsu. Mu da muka tashi muna jin labarin 'yan Kano-Jidda mun san gidajen da aka yi shekaru ba a ji ɗuriyar 'yarsu ba. Duk wanda ya ce zai kai mace aiki waje, a tambaye shi lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, a ga yarjejeniya a rubuce da sunan mai ɗaukar aikin da yawan albashi. In ya fara kame-kame, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana da ofis a nan Kano.

Sai maganar wa'adi, wadda ta fi cin 'yan'uwana 'yan kasuwa, musamman yaran da suka fara zuwa Guangzhou da Yiwu. Bizar Sin tana da harafi a jikinta: M ta kasuwanci ce, L ta yawon buɗe ido, X ta karatu, Z ta aiki. Ban da harafin akwai abu uku da aka rubuta daban-daban, kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai ranar ƙarshe da za ka iya shiga ƙasar da ita, akwai adadin shigar da aka ba ka, akwai kuma yawan kwanakin da za ka zauna a kowace shiga. Wani yaro a layinmu ya ga wata uku tsakanin ranar da aka ba shi da ranar ƙarshe, ya ɗauka zaman wata uku aka ba shi, alhali kwana 30 ne a layin ƙasa. Masana'anta ta ja masa rai a kan kayansa, ya zauna jira hankali kwance, sai a filin jirgi ya ji labari. Dokar Sin ta tanadi tarar yuwan 500 a kowace ranar da mutum ya ƙara, har ta kai 10,000, ko tsarewa daga kwana 5 zuwa 15 in abin ya yi yawa, kuma ana iya korar mutum a hana shi dawowa na shekaru. Tarar ma da sauƙi a kan tabon da ke zama a sunanka, domin duk bizar da za ka nema nan gaba sai an ga wannan. Da ya sani, dokar ta ba shi damar zuwa ofishin shige da fice na 'yan sandan garin ya nemi ƙarin kwana, amma ana so a nema saura kwana 7 wa'adin ya cika.

Akwai wasu ƙanana biyu a Sin ɗin da ba a faɗa wa sabon zuwa. In a otal ka sauka, su za su yi maka rajista da 'yan sanda. In kuwa a ɗakin wani ɗan'uwa Bakano ka sauka don rage kashe kuɗi, kamar yadda da yawa suke yi, wajibi ne a yi maka rajista a ofishin 'yan sanda cikin awa 24. Na biyu, tsallakawa Hong Kong fita ce daga ƙasar a lissafin shige da fice. Mai bizar shiga ɗaya in ya tsallaka, bizarsa ta mutu, ga shi kuma ɗan Najeriya yana buƙatar wata bizar daban kafin ya shiga Hong Kong ɗin.

Turai ma da nata lissafin. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Schengen, irin su Faransa da Jamus da Italiya, biza ɗaya ce ke shigar da mutum dukkansu, amma zaman ba ya wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, ko da bizar ta shekara biyu ce. Ana nemanta ne a ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ingila ba ta cikinsu, tata daban ce. A Amurka kuwa jami'in da ya karɓe ka a filin jirgi shi ke yanka maka ranar fita, kuma wanda ya wuce ta da fiye da kwana 180 ana hana shi dawowa shekara 3, wanda ya kai shekara guda kuma shekara 10.

Yanzu bari in taɓa inda ke da ciwo, wato takardun bogi. Mutum zai je wurin ejan ya ce ba shi da isassun kuɗi a banki, a ce masa kada ya damu, za a "gyara" masa takardar asusu. A haɗa masa da takardar aiki a kamfanin da bai taɓa taka ƙofarsa ba, da takardar gayyata daga wanda bai san shi ba. Ofisoshin jakadanci suna tuntuɓar bankuna, suna buga waya kamfanoni, kuma sun ga irin waɗannan takardu sun fi a ƙirga. A dokar Birtaniya, wanda aka kama da yaudara a neman biza ana iya rufe masa ƙofa shekara 10, kuma cewa "ejan ne ya cike mini" ba ya wanke kowa, domin sunanka ne a ƙasan fom ɗin. Abin takaici, da yawa daga cikin masu faɗawa wannan rami 'yan kasuwa ne na gaskiya masu dukiyar halal, illa dai kuɗinsu a kaya suke ko a hannun abokan ciniki, ba sa bi ta banki. Shawarata ga ɗan kasuwar da ke da niyyar fita ita ce ya yi wa kasuwancinsa rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, ya riƙa shigar da cinikinsa ta asusu watanni kafin tafiya, ya adana rasiɗan kwastan da na haya. Kuɗi mai yawa da aka antaya cikin asusu saura mako guda a nemi biza zargi yake jawowa. Abin da mai duba takarda yake son gani shi ne shige da ficen ciniki na yau da kullum, da alamar cewa kana da abin da zai dawo da kai gida: iyali, shago, gida, makarantar yara. Dokar Amurka ma ƙarara take ɗaukar duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama har sai ya gamsar da jami'in cewa zai dawo, kuma dala 185 da ya biya ba a mayar masa in an ƙi.

Su kuma masu yawo a Facebook suna karɓar kuɗin matasa da sunan cacar bizar Amurka, a sani cewa an cire Najeriya daga cikin wannan caca tun 2013, saboda yawan 'yan ƙasar da suka riga suka samu zama a can ta wasu hanyoyin. Masu tallan aikin kula da tsofaffi a Ingila ma a yi hattara da su, domin tun watan Yulin 2025 Birtaniya ta rufe ɗaukar sababbin ma'aikatan wannan fanni daga ƙasashen waje.

Wannan ya kawo ni ga wani abin da ya sa ba na yarda da "ai wane ya je bara, haka ya yi." Dokokin nan ba sa zama wuri ɗaya. A ƙarshen 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, mu masu sayayya a Dubai muka shiga wani hali, ba a buɗe ba sai a watan Yulin 2024, kuma da sababbin sharuɗɗa. A Maris ɗin 2023 Amurka ta mayar da bizar ziyara ta 'yan Najeriya shekara 5, a Yulin 2025 ta dawo da ita wata 3 da shiga ɗaya tak, kafin shekarar ta ƙare kuma aka sanar da ƙarin takunkumi a kan bizar ziyara da ta karatu. Tun Janairun 2024 yawancin ɗaliban da ke zuwa Birtaniya ba sa iya tafiya da iyalinsu. Wanda ya ba ka labarin bara bai yi maka ƙarya ba, amma labarin nasa ya tsufa. Shafin intanet na ofishin jakadancin ƙasar da za ka je shi ne wurin dubawa, a kuma duba a makon da za a biya kuɗi. Wanda ba ya karatun Turanci ya sa ɗansa ko ƙaninsa ya karanta masa, matambayi ba ya ɓata.

Fasfon kansa yana da nasa sharuɗɗan. Saudiyya da Dubai da Sin da ƙasashe da dama suna so ya zama saura aƙalla wata 6 kafin ya mutu, kuma da shafukan da ba a buga komai a kai ba. Kamfanin jirgi ba zai ɗauke ka ba in bai cika wannan ba, domin shi ake ci tara in ya kai mutumin da aka ƙi karɓa. Ɗan kasuwa mai yawan fita gara ya yi mai shafi 64 na shekara 10 a kan mai shafi 32 na shekara 5. Sannan ga matsalar da ta zama tamu ta Hausawa, wato suna. Mutum ɗaya, a katin NIN Muhammad, a takardar makaranta Mohammed, a banki Mamman. Wani Abubakar ne a fasfo, Garba a takardar gayyata. Wani ya sa sunan garinsu a ƙarshe a wata takarda, ya sa na mahaifinsa a wata. Ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne, amma kwamfutar ofishin jakadanci mutum uku take gani. Hukumar shige da fice ba ta yin fasfo yanzu sai bayanan sun dace da na NIN, don haka a fara gyarawa daga can, kuma tikitin jirgi ya zama harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo.

Katin rigakafin cutar shawara ma ina da magana a kansa, domin na san ana sayensa ba tare da an yi allurar ba. Yin haka cutar da kai ne da cutar da jama'a. Allurar sau ɗaya ake yinta, katin yana fara aiki bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana aiki har ƙarshen rayuwa. Tun 2019 Najeriya ta koma sabon kati mai lambar da ake tantancewa ta na'ura, kuma ofishin lafiya na filin jirgi ne ke bayarwa. Masu kai marasa lafiya Indiya su kula da wannan musamman, domin wanda ya sauka can ba shi da ingantaccen kati ana iya killace shi har kwana 6. Ka duba halin mai jinyar da ya kawo mahaifiyarsa aikin ƙoda aka ware shi a filin jirgi. Su ma masu wannan tafiya su sani akwai bizar mara lafiya, akwai ta mai jinya, kuma asibitin can ne ke turo takardar da ake nema da ita. Mai zuwa Hajji ko Umara kuma sai ya ƙara da allurar sanƙarau, aƙalla kwana 10 kafin ya isa.

Mafi yawanmu ta Addis Ababa ko Alƙahira muke bi, amma wanda ya ga tikiti mai araha da zai ya da zango a Landan ko Faris ko Frankfurt ya tsaya ya bincika. Ɗan Najeriya yana buƙatar bizar ya da zango a waɗannan wurare ko da ba zai fita daga filin jirgin ba, sai dai in yana riƙe da wata biza ko takardar zama da ta ɗauke masa.

Maƙwabtanmu kuwa, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza har kwana 90, amma da fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ƙungiyar. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a watan Janairun 2025, kuma ko da yake ECOWAS ta ce a ci gaba da zirga-zirga kamar da har sai an sake sanarwa, mai zuwa Maraɗi ko Damagaram ya riƙe takardarsa a aljihu. Zumunci da yare ɗaya ba sa hana jandarma tambaya. Libiya da Aljeriya kuma biza suke nema, duk wanda ya ce zai tsallakar da kai ta Agadas ba tare da ita ba, hamada zai kai ka.

Ko an gama da takardu, akwai abin da ke cikin jaka. Goro haramtacce ne shiga da shi Saudiyya, hukumar alhazai tana nanatawa duk shekara, amma har gobe ana samun mai cusa shi cikin garin kuka. Maganin da kake sha kullum ka tafi da shi a kwalinsa tare da takardar likita, domin ƙwaya irin tramadol tana iya kai mutum kurkuku a Saudiyya da Dubai da Masar, safarar miyagun ƙwayoyi kuma hukuncin kisa ne a Saudiyya. Ba mu manta da ɗalibar nan mai karatu a Kano ba, wadda aka kama a Madina a ƙarshen 2018 saboda wata jaka da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, ta yi watanni a tsare kafin gaskiya ta fito. Saboda haka ka ƙirga jakunkunanka, ka ƙirga takardun awon da aka ba ka, su zo daidai. Saƙon "don Allah miƙa wa ƙanwata a Makka" kuma, in ba a buɗe shi a gabanka ba, ka ba da haƙuri. Mu masu canjin dala a Wapa kafin tafiya, kwastan na Najeriya suna so a bayyana abin da ya haura dala 10,000, Saudiyya ma tana da nata adadin, Sin kuma abin da ya haura dala 5,000. Bayyanawa fom ne kawai ake cikewa. Ɓoyewa ce ke sa a ƙwace jarin mutum.

Idan ka isa gaban jami'in can, tambayoyinsa ba su da yawa: me ya kawo ka, ina za ka sauka, yaushe za ka koma, da me za ka ci abinci. Ka riƙe tikitin dawowa da takardar otal da ta gayyata a buge a takarda, kada ka dogara da wayar da cajinta zai iya ƙarewa ko ta rasa intanet. Amsarka ta zama daidai da abin da aka rubuta a fom, wanda ke nufin dole ka san abin da aka rubuta ɗin.

Ba ina cewa a guji ejan ba ne. Akwai masu amana a garin nan da muka daɗe muna hulɗa da su, suna sauƙaƙa wa mutane wahala, kuma su ma gurɓatattun suna ɓata musu suna. Sai dai a sani ejan ba ya ba da biza, ƙasar da za ka je ce ke bayarwa, don haka duk wanda ya rantse maka cewa tabbas za ta fito, ko ya ce yana da mutum a ciki, ka riƙe kuɗinka. Na kirki yana da ofis da za ka same shi gobe, yana ba da rasiɗi, yana raba maka kuɗin biza da na tikiti da ladan aikinsa, yana sa lambar wayarka da imel ɗinka a fom maimakon nasa, kuma ba ya jin haushi in ka ce a karanta maka abin da aka cike kafin a tura. Na Hajji da Umara kuma a duba ko sunan kamfaninsa yana cikin jerin da NAHCON ke fitarwa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarku ta ware wani ɗan gurbi, ko sau ɗaya a wata, da za a riƙa kawo sauye-sauyen dokokin biza na ƙasashen da mutanenmu suka fi zuwa, Saudiyya da Dubai da Sin da Masar da Indiya da Turkiyya, cikin Hausar da mai shago da matar aure za su gane. Ku buga hoton samfurin biza ku nuna da kibiya inda nau'inta yake, inda kwanakin zama suke, inda adadin shiga yake. Ku gayyato jami'an shige da fice da na hukumar alhazai su amsa tambayoyin masu karatu. Gidajen rediyon Kano, waɗanda ake saurare a kowane shago, su ɗauka daga nan, shugabannin ƙungiyoyin kasuwannin Kwari da Singa da Wambai kuma su riƙa tara sababbin matafiya suna yi musu bita kamar yadda ake yi wa maniyyata. Ina ba da shawarar a fara da bizar Umara tun kafin watan Rajab, domin a lokacin ne ake fara karɓar kuɗin mutane na Umarar azumi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani ɗan kasuwar Kantin Kwari,
Fagge, Kano.